Rasuwar Malama Siddiƙa Abdulmutallib, Wadda Muka Bari Tana Jira

Cikin alhini mai nauyi, da kunyar da ba za mu ɓoye ba, Ƙungiyar Malaman Nazarin Harsuna da Al'adun Yankin Tafkin Chadi, ƙarƙashin jagorancin Shugabanta, Farfesa Alhaji Abdulwahab Ba'ana, ta samu labarin rasuwar 'yar'uwarmu kuma abokiyar aikinmu, Malama Siddiƙa Abdulmutallib, wadda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talata a gidanta da ke unguwar Bolori a Maiduguri, bayan gajeriyar rashin lafiya.

Marigayiyar ta shafe shekaru tana koyarwa a jami'a a matsayin ƙaramar malama. Ita ce ke riƙe azuzuwan 'yan shekarar farko da manya ke gudu, ita ke duba takardun jarrabawarsu, kuma ɗalibai da dama da yau ake kira Dakta a ofishinta suka koyi tsara bincike. Nata binciken na digirin digirgir a kan waƙoƙin niƙa ne na matan Kanuri da Shuwa, waɗanda ta bi tsofaffi gida-gida da sansanonin 'yan gudun hijira ta naɗa, tun kafin yawancin masu rera su su kwanta dama.

Ta kammala kundinta, masanin da aka gayyato daga wata jami'a ya karanta ya yaba. Abin da ya rage kawai shi ne kwamitin manyan malamai ya zauna ta kare aikinta a gabansa, kuma duk 'yan kwamitin nan mambobinmu ne. A al'adarmu babba ne ke kiran zama, ƙarami kuwa ba ya tuna wa babba aikinsa, don kada a ce ya yi rashin ladabi. Babban cikin kwamitin ya shagala da tafiye-tafiye, sauran muka yi shiru muna kiran shirunmu girmamawa. Duk lokacin da ta leƙo ta gaishe mu, sai mu ce ta ƙara haƙuri, ita kuma ta yi godiya ta koma aji. Haka damina biyu suka wuce.

Da tawagarmu ta je gaisuwa, mahaifiyarta, Hajiya Kaltum, wadda tuni take kiran 'yarta Dakta a cikin unguwa, ta tambaye mu ko an riga an ba ta digirin kafin ta rasu. Farfesoshi da daktoci cike da tabarma, aka rasa wanda zai ɗaga kai ya amsa.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga Hajiya Kaltum, da maigidan marigayiyar, Malam Mikail Ibrahim Khalil, da 'ya'yanta da ɗalibanta, tare da roƙon su yafe mana. Allah Ya jiƙanta, Ya sa Aljanna ce makomarta, Ya ba iyalanta juriyar wannan babban rashi.

Dokar jami'a ba ta ba mu ikon rubuta Dakta a gaban sunanta ba, domin zaman da zai ba ta wannan matsayi ba mu yi shi ba. Saboda haka ni ma, da nake cikin kwamitin, na cire nawa laƙabin daga wannan takarda.

Sa hannu:
Alfred Dzarma
Kakakin Ƙungiya, Maiduguri