Ƙwallayen Japan Bisa Shofaj

Bron, 4 ga Maris

Kawu Ilya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Inna Raliatou da mutanen shago. Yaya sanyin Paris? Na san kunnenka ba ya shiri da waya, shi ya sa na ɗauki biro.

Kullum kana tambayata me nake karantawa shekara biyu a Lyon. To ga shi cikin kwali: ƙwallaye biyu na besbol, wasan nan da mutum ɗaya ke jifa wani ya buga da sanda. Wanda na ɗaura wa jan zare na Japan ne, ɗayan na Amurka.

Amurkawa sukan ɗauko gwanayen jifa daga Japan, jaridu su yi ta zuzuta su tun jirginsu bai sauka ba. Wasu su yi abin kirki, wasu gwiwar hannunsu ta samu matsala, sai a ce dama ba su kai ba. Ni a tez ɗina, wato kundin binciken digirina na dokta, cewa nake ba mutumin ne ya canza ba, ƙwallon ne. Na Japan yana da danƙo, na Amurka santsi gare shi, dole mai jifa ya ƙara matse yatsu har hannu ya wahala. Wata biyar ina aunawa a labo, ɗakin gwaje-gwajenmu, da 'yan wasan wani kulob na nan. Résultat: zéro. Na'ura ta ce matsin ɗaya ne.

Ranar 12 ga Yuni kwamitin jami'a zai zauna. In ba ni da abin nunawa za su tsayar da tez ɗin. Kawu, tsoro nake ji, ban kuma faɗa wa Mama a Damagaram ba. Ka aje ƙwallayen a shago, ko ba komai ka ga inda ƙuruciyata ta tafi.

Ɗiyarka,
Hassia

Château Rouge, 11 ga Maris

Zuwa ga ɗiyata Hassia,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci da gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya kamar yadda muke nan. Innarki tana gaishe ki, ta ce kin rame a hoton da kika turo.

Saƙo ya iso. Chaibou mai nama ya ɗaga ɗaya ya ce ashe gwamnatin Faransa wasan yara take koya miki. Na ce masa ya koma kan fawarsa.

Ni lissafinki ban gane shi ba, amma fata na sani. Kafin in zama mai sayar da atamfa, shekara ashirin na yi cikin majemar kakanki, kuma hannu bai manta ba. Na murza ƙwallayen nan, na shinshina, na goga su a kumatu. Duka fatar saniya ce. Ta jan zaren an jeme ta da kyau an ba ta mai, amma ta bushe ƙamas, man ya gudu. Ba haka ta baro hannun mai ita ba. Wannan fata ta sha zafi.

A ina kike aje su? Ki ba ni amsa kafin ki ƙara yin kuka.

Allah ya yi miki albarka.
Kawunki,
Ilya

Bron, 15 ga Maris

Kawu,

Ina wuni. Je suis morte de honte, kunya ta kashe ni.

Ranar da ƙwallayen suka iso cikin Oktoba, na ga kabad ɗin labo yana ɗakin ƙasa, bango har gumi yake. Sai na tuna yadda Kaka ke rataye fatu can sama da damina, da faɗan da yake in ya ga funfuna. Na Amurka suna da yawa, na bar su ƙasa. Na Japan da aka sha wahalar samowa su na kwashe na kai ofis ɗina, na jera su a kanta bisa shofaj, na'urar nan mai ɗumama ɗaki, inda ya fi ko'ina bushewa. Har daɗi nake ji wai ni jikar majemi, na fi Turawan nan sanin fata. Wata biyar suna gasuwa.

Ga abin da nake tunani. In sa a kawo sababbi shiru, in sake awon, in ce wa farfesata na'ura ce ta samu matsala. Ba wanda zai bincika. Kawu, tun ina sakandare a lise ban taɓa zuwa ta biyu ba, dangi har sun fara ce mini Dokta. Da wane baki zan ce na toya kayan aikina?

Ka gaida Inna, kada ka gaya mata.

Hassia

Château Rouge, 19 ga Maris

Ɗiyata,

Bayan gaisuwa, ki yafe mini, na yi dariya har mai sayen leshi ta tambaya ko lafiya. Da na gama sai idona ya kawo ruwa.

Shekarar da na iso ƙasar nan na zo da jakunkuna talatin na jar fatar akuya, aikin hannuna. A ɗakinmu na Montreuil, mu shida, na ga taga tana zufa, sai na jibge su bisa shofaj saboda tsoron danshi. Kafin sanyi ya wuce duk sun tsattsage. Na rubuta wa kakanki cewa ruwan teku ne ya ɓata su a hanya. Ya rasu yana zaton haka ne. Ni kuma kunya ta sa ban ƙara taɓa fata ba, shi ya sa kika tashi kika ganni cikin atamfa. Ke ce mutum ta farko da na faɗa wa.

Saboda haka kada ki ɗora wa na'ura laifin da ba ta yi ba. Ke da kike so a daina zagin yaran Japan don an canza musu ƙwallo, ke ma an canza miki iska da ɗaki. Abin da kika koya a gida daidai ne, a gida. Ki je ki faɗa wa farfesar taki da bakinki.

In sababbin sun iso ki sanar da ni. Zan rufe shago in hau jirgin ƙasa in zo in taɓa su.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya.
Ilya

Bron, 13 ga Yuni

Kawuna,

Assalamu alaikum, da fatan ƙafarka ta huta da matakalan labo.

Ka san yadda aka yi a Maris: na faɗa wa farfesa, har na fara tattara jakata, sai ta ce kada in yar da busassun, su ma shaida ne. Abin da ba ka sani ba, bayan zuwanka ta sa an rubuta bayaninka na ajiyar fata an manna a ƙofar kabad. 'Yan labo har yanzu suna zancen dattijon da ya rufe ido ya ware ƙwallaye ashirin bai yi kuskure ba.

Jiya kwamiti ya zauna. Da sababbin ƙwallaye bambancin ya fito, ba babba sosai ba, amma ya fito. Na ba da labarin shofaj da kaina a gabansu. Sun ce in ci gaba. Ça y est, Kawu.

Na gode. Na gode da tambayar da ka yi mini, na kuma fi gode maka da labarin jakunkunan, don na san abin da faɗarsa ta ci maka. Ba don shi ba da yanzu ina da tez da ƙarya a cikinsa.

Za mu fitar da aikin a mujalla, farfesa tana so a sa sunanka cikin godiya. Sun ce a haɗa da sana'a. In sa commerçant, ɗan kasuwa, kamar yadda yake a takardunka?

Ɗiyarka mai godiya,
Hassia

Château Rouge, 16 ga Yuni

Ɗiyata,

Alhamdu lillahi. Yanzu sai ki kira uwarki.

Shekara talatin ina rubuta commerçant a takardun mutanen nan. Wannan karon ki sa: Ilya ɗan Mamman, majemi, Damagaram. In ba su da kalmar, su koya.

Allah ya yi miki albarka.
Kawunki