Turken da Suka Kafa a Gonata

Zuwa ga ɗana Habibu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina gajiya, ina sanyin ƙasar mutane? Yaya Hajara da yara? Mu nan Gwiwa lafiya, sai ƙafar nan tawa.

Masu kamfanin waya sun zo. Wai kwamfutarsu ta auna garin nan kaf, ba ta ga inda dogon ƙarfen eriya zai zauna ba sai tsakiyar gerona. Kwamfuta ta taɓa riƙe fartanya? Baffanka Sale, da bai taya ni noman gonar ba ko sau ɗaya, shi ya yi musu jagora suka kafa turke. Na tumɓuke shi, na kafa shi a gida, jakina na ɗaure a jikinsa yanzu.

Mutanen gari sun daina amsa sallamata, wai na hana su sabis. Ranar kasuwa kamfani zai dawo tare da dagaci.

Uwarka ta ce karatunka a can shi ne cusa eriya da yawa cikin abu kamar kwalin ashana. To, aiko ɗaya mu rataya a tsamiya, su bar min gonar ubana. In ba ka aiko ba, a kunyar geron za su same ni zaune.

Ka sa ni a addu'a. Gai da surukanka.

Mahaifinka,
Audu