Mutum Tara a Bayan Katangar Maƙabarta

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina roƙon a ɓoye sunana. Da hannu na rubuta, wanda ya buga mini a na'ura ba ya jin Hausa, shi ya sa na zaɓe shi. Don Allah ku ba ni shawara kafin Alhamis.

Zan bi abin daki-daki. Ni ke kula da wata maƙabartar Hausawa a Agege da ke Legas, shekara goma sha shida ke nan. Tunda soja suka sauka daga mulki aka fara tuntuɓar jama'a kafin a yi aiki, to an zo mana da maganar jirgin ƙasa na cikin gari da zai taso daga Mile 2, aka ce mu zaɓi inda tashar ƙarshe za ta zauna. Wuri biyu ne, ko kasuwar goro a rushe rumfuna, ko filin da ke bayan katangarmu. Kowa ya ce fili, har matata, don rumfar ƙaninta na cikin waɗanda aka shafa wa jan fenti na alamar rusau.

Abin da ba su sani ba, akwai mutum tara kwance a filin nan. 'Yan ci-rani ne masu dako a kasuwar Mile 12. Shekarar da maƙabarta ta cika, izinin ƙari ya ƙi fitowa, gawa kuma ba ta jira. Ni da abokin aikina muka sa su a can, muka baje ƙasa don kada a gane. Shi ya rasu, waɗanda suka yi musu salla sun daɗe da komawa gida. Sunayensu da garuruwansu suna littafina.

Na je wa shugaban unguwa a kaikaice, na ce ranka ya daɗe ƙasar wurin ba ta da ƙarfi. Ya yi dariya ya ce, Malam, yaushe mai haƙa kabari ya zama injiniya, ko rogo ka shuka a can? Ya ce in sa hannu kawai a takardar amincewa tunda ni ne maƙwabcin filin, oga mai awon fili zai zo karɓarta ranar Alhamis.

Idan na yi magana kasuwa ta tafi, kuma ban san me hukuma za ta yi da ni ba. Idan na yi shiru katafila za ta tono su. Ɗaya daga cikinsu, mahaifinsa ya taɓa zuwa daga ƙauye, na nuna masa wurin, ya riƙe hannuna ya ce ya bar mini amana.

Jiya da safe na tarar an kafa turakun awo, ɗaya daidai kan kabarin ɗan mutumin nan. Na tsuguna, na kasa cirewa.

Ku faɗa mini, in sa hannu, ko in kai wa hukuma littafin?