Kibod Mai Doro a Falon Baba Alƙali

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
Ranar Talata

Zuwa ga Yaya Maimuna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya zaman Gusau? Inna tana gaishe ki. Tunda kin hana ni turo miki saƙon murya, wai 'yarki Binta ta fara kwaikwayon yadda nake yi wa direbobin adaidaita faɗa, to ga shi a rubuce. Sai dai ki yi haƙuri, hannun da ke rubutun ba shi da lafiya.

Kin san tun bayan babbar salla nake zuwa Tarauni gidan Baba Alƙali Zakariyya, aminin marigayi Babanmu. Littafi yake rubutawa a kan shekarun da ya yi yana shari'a. Idonsa ya yi rauni, hannunsa yana rawa, don haka shi yake faɗa, ni ina bugawa a kwamfuta. Yaya, ban taɓa yin aikin da ya shiga raina kamar wannan ba. Falon mutumin nan littattafai ne tun daga ƙasa har rufi, kuma ya ce duk wanda na ga dama in ɗauka in tafi da shi gida. Ni da na bar makaranta a tsakiya, na ƙarasa karatuna a jaridun da mai tsire ke naɗe nama, yau ga ni ina zaɓen abin da zan karanta.

Ga matsalar. Wuyan hannuna na dama zafi yake kamar an zuba barkono a jijiyar, yatsu biyu kuma wani lokaci sai in ji kamar ba nawa ba. Kafaɗa kuwa, in la'asar ta yi, ko buta da ƙyar nake ɗagawa. Inna ta yi ta shafa mini man zafi har kyanwar gidan ta daina shiga ɗakina. Kawu ya ce a kai ni wurin mai ɗori. Na tambaye shi ko ya ga na karye, ya ce ai bakina ne ya kamata a ɗora.

Shekaranjiya Suhaib, babban ɗan Baba, wanda ke aiki a sakatariya, ya shigo ya tarar ina yarfe hannu bayan kowane layi. Bai yi mini magana ba, mahaifinsa ya yi wa, sai ka ce ni fanka ce a ɗakin. Wai ya kamata littafin ya fito kafin azumi, kuma akwai wani shagon buga takardu a Zoo Road da za a naɗi muryar Baba a waya a kai musu su buga. A ba ni zuwa ƙarshen wata, in hannun bai warke ba shi ke nan. Da maganar da ta zo bakina ta fito, da yanzu kina neman mai belina. Na haɗiye ta. In aikin nan ya tafi, da wane dalili zan riƙa shiga falon nan kullum?

Na duƙufa na karanta duk abin da na samu a waya a kan irin wannan ciwo, kuma na kama mai laifin: kibod ne, wato allon haruffan da nake bugawa. Tsohon shimfiɗaɗɗen nan na Baba, kowane madanni sai ka buge shi kamar kana kashe kyankyaso, kuma yana tilasta wa hannu ya karkace. Akwai waɗanda aka ƙera daidai da yadda hannun mutum yake. Gobe zan je wurin Nathaniel, mai shagon kayan kwamfuta a bakin titinmu.

Ki shafa mini kan yara, ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Ya'u


Gyaɗi-Gyaɗi
Ranar Lahadi

Yaya Maimuna,

Salamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya. Na ga amsarki. Kin ce in je asibiti in daina zama likitan kaina. Na ji, amma ki bari in gama.

Na je wurin Nathaniel. Tun daga bakin ƙofa na fara yi masa lacca a kan jijiyoyin hannu, shi kuwa yana ta goge gilashin kantarsa. Da na tsaya shan iska, sai ya jera mini kibod iri uku, ya ce, "Ya'u, zauna ka buga. Hannunka ne zai zaɓa, ba bakinka ba." Na bar wannan ta wuce saboda kayansa nake so.

Na farko rabe yake gida biyu kamar an tsaga gurasa, waya ce kawai ta haɗa su. A abin da na karanta shi aka fi yabo, amma da na hau shi sai yatsuna suka riƙa neman haruffa a fili tsakanin ɓangarorin. Na biyu ɗan ƙarami ne, madannansa da laushi, sai dai ya matse mini hannuwa wuri ɗaya kamar mai wanke hannu a kofi. Na ukun shi ne mai doro. Tsakiyarsa a tashe, haruffan sun kasu hagu da dama a ɗan karkace, gabansa kuma da matashi mai taushi da tafin hannu ke hutawa a kai. Da na ɗora hannu sai na ji kamar na ɗora su a gwiwata ina hira. Wuyan hannun ya miƙe sak, kuma madannin da ka taɓa shi ya amsa. Nathaniel ya ce kada in ɗaga ƙafafuwan nan na bayansa, su ke sa hannu ya lanƙwashe sama. Na ce masa na sani. Ban sani ba, amma ba dole ya ji ba. Ya ce in je in gwada, in bai yi ba in dawo da shi.

Da na kai shi Tarauni, Baba ya shafa shi daga wannan gefe zuwa wancan, ya tambaye ni ko a rana aka manta da shi. Kwanakin farko na sha wuya, gudun da nake taƙama da shi ya koma na mai koyo, Baba yana faɗin jimla yana jira na yana jan carbi. Yanzu hannu ya saba, kuma alhamdu lillahi barkonon ya ragu sosai, yatsun sun dawo nawa.

Sai dai kafaɗa. Yaya, kafaɗar nan ƙaruwa ta yi. Jiya da zan sa riga sai da Inna ta taya ni. Ka sayi abu don ya gyara wuri biyu, ya gyara ɗaya ya lalata ɗaya? Gobe zan koma wurin Nathaniel, kuma wannan karon ba lacca zan yi masa ba.

A gaida mutanen gida.

Naki,
Ya'u


Gyaɗi-Gyaɗi
Ranar Litinin da yamma

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Wannan ki karanta ke kaɗai, kada maigidanki ya gani ya samu abin tsokanata har tsufa.

Na shiga shagon da kibod a hammata, na dire shi a kanta, na faɗa wa Nathaniel abin da nake tunani game da shi da kayansa da waɗanda suka ƙera kayan. Ashe matarsa Saratu tana ciki, ta kawo masa abinci. Ita a sashen gashin ƙashi take aiki a asibiti. Ta bar ni na gama tsaf, sannan ta danna bayan kafaɗata da yatsa har na kusa yin ashar. Ta nuna teburin gwajinsu ta ce in nuna mata yadda nake zama in ina aiki.

Sai na janye kujerar gefe, na zauna a ƙasa na tanƙwashe ƙafa, na ɗaga hannuwa na ɗora a kan kibod ɗin da ke kan tebur, na ɗaga kai ina kallon sikirin ɗin kwamfutar.

Nathaniel ya fita waje wai zai duba janareta. Saratu kuwa sai da ta dafa kanta don dariya. Da ta samu numfashi ta ce, "Ya'u, kai ba buga rubutu kake yi ba, shanya kake yi a igiya tun safe har la'asar." Ta ce ko wane irin kibod na saya, sai gwiwar hannu ta sauko kusa da haƙarƙari, hannun ya yi daidai da madannai, kafaɗa ta saki, kuma in riƙa tashi ina miƙewa lokaci-lokaci. A taƙaice dai, in hau kujera.

Na yi mata bayani. Baba a kujerarsa ta hutawa yake zama dab da teburin, don da manyan haruffa yake bin abin da nake bugawa. Ni Ya'u in jawo kujera in zauna kafaɗa da kafaɗa da aminin ubana, alƙali guda? Ranar farko ya ce mini ga kujera, na ce nan ma ya isa, kamar yadda duk ɗan da aka yi wa tarbiyya zai ce, shi kuma bai sake maimaitawa ba. Saratu ta ce ta gane, su ma a garinsu can wajen Kafanchan haka ake yi, amma kafaɗa ba ta san wannan ba. Na ce to a sauko da kwamfutar ƙasa. Kafin ta amsa na ba kaina amsa: Baba ba zai ga rubutun ba, gwiwoyinsa kuma sun daɗe da sallama da zaman ƙasa.

Na ba Nathaniel haƙuri. Wallahi ya fi ciwon kafaɗar zafi. Na ɗauki kibod ɗina na dawo. Ƙarshen wata ya matso, kuma ni ban ga ta inda zan fara wannan magana da Baba ba.

Ƙaninki da aka yi wa dariya,
Ya'u


Gyaɗi-Gyaɗi
Ranar Juma'a

Zuwa ga Yayata Maimuna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kuna cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan. Na gode da shawararki. Kin ce bakin da ba ya tsoron kowa a titi bai kamata ya mutu a inda ake buƙatarsa ba. Ta yi mini zafi, amma na bi.

Ranar Asabar Suhaib ya zo jin inda aka kwana, ya zauna da shaddarsa mai sitaci yana kaɗa mukullin mota. A gabansa na faɗa wa Baba komai, ina kallon kafet. Baba ya ce shi duk zatonsa haka mutanen kwamfuta suke son zama, shi ya sa bai matsa mini ba. Ya ce in hau kujera yanzu-yanzu.

Na hau. Yaya, kujerar Baba irin mai lotsawar nan ce, da na zauna a tawa sai ga kaina a saman nasa, ina hango tsakiyar hularsa. Na zame na koma bakin kujerar, na sunkuyar da kai, na duƙa har hancina ya kusa taɓa doron kibod. Layin da na buga ko ni ban iya karanta shi ba. Suhaib ya ce to ai ga shi nan, a ƙasa ciwo, a sama shirme, a bar mutanen shago su yi aikinsu. Na buɗe baki, Baba ya ɗaga mini hannu.

Ya ce, "Shekara da shekaru ina shari'a, magatakardana a kujera yake zaune, ba wanda ya taɓa cewa ya raina ni. Ba shi aka saukar ba, ni aka ɗaga." Sai ya juya wurin ɗansa ya ce akwai bulo a bayan gida da tsohon ƙyauren sito, a kawo.

Ban taɓa ganin abin da ya faranta mini rai kamar Suhaib da bulo a ƙirji ba. Na tashi zan taya shi, Baba ya ce ni mara lafiya ne, in zauna. Na zauna kuwa, na gyara zama sosai. Aka jera bulo, aka shimfiɗa ƙyaure, aka ɗora kujerar Baba, muka riƙe Baba ya hau. Da na koma wurina sai ga shi a samana, sikirin a gabanmu mu biyu, gwiwar hannuna a inda Saratu ta ce, kafaɗa a sake. Muka buga shafi ba tare da na yarfe hannu ba. Baba ya dubi Suhaib ya ce maganar shago an kori ƙara.

Yanzu kafinta ya yi masa dandamali na gaske, da matakala da abin dafawa. Kafaɗar tana sauƙi a hankali, na koma sa rigata da kaina, kuma mun shiga babi na gaba.

Sai dai wata sabuwa ta ɓullo. Tun da Baba ya hau sama, muryar kotu ta dawo masa. Yanzu shi ke gudu ni ke binsa. In lokacin miƙewata ya yi, sai ya buga sanda ya ce an ɗage zama. Hajiya, matarsa, ta shigo da kunu, ya ce ta jira a tashi, ita kuma ta ce kunun ya jira shi a can sama in ya iya. Jiya ya faɗi wata shekara da na tabbata ba daidai ba ce, na yi caraf zan gyara masa. Ya dube ni daga can ya ce mai magana a nan sai ya nemi izini.

Yaya, na nema. Har da "Allah ya gafarta Malam".

Inna tana gaishe ki, Saratu ma ta ce in gaishe ki ko da ba ku san juna ba. Allah ya bar zumunci, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙaninki har kullum,
Ya'u