Matar da ke Bangon Ɗakin Zane na Biyu

Daga:
Mai zama a zana shi,
Ɗakin Zane na Biyu,
Sashen Zane da Sassaƙa.

Zuwa ga:
Mai Girma Magatakarda,
Jami'ar Zane da Ƙira.

Litinin, 12 ga Mayu.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: SHIRIN SHAFE ZANEN GAWAYI DA KE BANGON BARANDAR ƊAKIN ZANE NA BIYU

Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan alheri, ina neman izinin gabatar da kukana ga ofishinka mai albarka. Ni ne dattijon da ke zama a kan kujera ɗalibai suna zana shi, wanda suke kira Baba Kar-ka-motsa. Ba ka san sunana ba, amma ka san fuskata, domin ita ce a rataye bayan teburinka, ko da yake a can an yi mini fatar jiki koriya.

1. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina wannan aiki, ban taɓa kawo ƙara ba. An zana ni da ido uku, ban ce uffan ba. An mayar da hancina gefen kunne, aka ba yaron da ya yi hakan lambar yabo, har na taya shi murna. Duk waɗannan fuskoki nawa suna ajiye a sito, a ɗaki mai na'urar sanyi, gatan da mai fuskar bai taɓa samu a gidansa ba. Ina godiya a madadinsu.

2. Dokar ɗakin zane ita ce da zarar na zauna sai a kulle ƙofa, ba shiga ba fita. Don haka maiɗakina, wadda ke kawo mini abincin rana, takan jira ni a kan bencin baranda, kusa da tukunyar kashe gobara. A watan Oktoban bara wata ɗaliba ta makara aka kulle ta a waje, ga gawayi a hannu, ga tsohuwa a zaune. Sai ta zana ta a jikin bango, daidai girmanta, daidai inda take jingina: kular abinci a cinya, takalmi ɗaya a zare saboda ƙafar da ke kumbura mata, ido a kan ƙofa. Da na fito, maiɗakin nawa ta yi ta mita wai an sa mata wuya kamar na zabuwa, amma washegari na lura ta zo da ɗankwalinta na fita unguwa.

3. Ranar 9 ga Disamba Allah ya karɓi abarsa. Ita mace ce da ba ta yarda a ɗauke ta hoto ba. Abin da ta bar mini shi ne hoton katin shaida, inda ta haɗe rai kamar an kawo mata sammaci. Matar da na zauna da ita, mai jira ba ta gajiya, tana nan a bangon nan kaɗai. A gefenta nake cin abincin rana har yau. Ban ga laifin faɗar haka a takardar hukuma ba, tunda gaskiya ce.

4. Ranar 5 ga Mayu aka manna sanarwa cewa, bisa al'adar jami'a, za a shafe dukkan bangaye da farin fenti ranar Asabar, 24 ga wata, domin baje kolin ɗaliban shekarar ƙarshe. Na san al'adar, ban kuma raina ta ba. Na fahimci cewa baƙi ba za su iya ganin zane da kyau ba sai an fara goge wanda ke wurin.

5. Na kai kukana wurin Shugaban Sashe. Ya zo da kansa, ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ja da baya, ya matso, ya ce rabonsa da ganin hannu mai rai irin wannan an jima. Sannan ya bayyana mini cewa a idon doka wannan ba zane ba ne, ɓata bango ne, domin ba shi da sa hannu, ba shi da lamba, ba a kuma ba shi maki ba. Ya tura ni Kwamitin Adana Ayyuka. Kwamitin ya tura ni Sashen Gine-gine, tunda bangon nasu ne. Su kuma suka ce fenti kawai suka sani, abin da ke ƙarƙashinsa ba huruminsu ba ne. Haka aka yi ta yi mini je-ka-ka-dawo har mako ya ƙare.

6. A ƙarshe Kwamitin ya yi mini adalci. Ya ce in na faɗi sunan wadda ta yi zanen za a yi masa rajista a adana shi, ita kuma a gurfanar da ita gaban Kwamitin Ladabtarwa saboda rubutu a bango, laifin da zai iya hana ta kammala karatu bana. Wato gaba kura, baya sayaki. Ranka ya daɗe, na san sunanta, kuma ba zan faɗa ba. Yarinyar ta zo ta'aziyya har gida, ta yi kuka fiye da wasu dangi. Ba zan sayi fuskar matata da takardar shaidar 'yar mutane ba, ita ma marigayiyar ba za ta yafe mini ba.

7. Wani malami mai kirki, wanda ke koyar da darasin zanen bangon titi, ya ba ni shawara in ɗauki hoton abin da waya in huta. Na gwada. Barandar da duhu, abin da ya fito kamar tabon hayaƙi ne. Ko da ma ya fito, mutum ba ya zama a gefen waya ya ci abinci.

Saboda haka, cikin ƙanƙan da kai, ina roƙon ofishinka ɗaya daga cikin waɗannan:

(a) A umarci masu fenti su tsallake wannan ɗan wuri, wanda faɗinsa bai wuce buɗin hannu biyu ba. In ana gudun baƙi su gani, akwai tsohon kabad a ƙarshen barandar, a jawo shi a rufe ta har su watse. Ta saba jira a bayan ƙofa.

(b) In dole sai an shafe wata fuska domin doka ta cika, na ba da izini a shiga sito a shafe nawa duka, har da koriyar da ke ofishinka. Ni ina nan, gobe ma za a iya sake zana ni.

(c) In duk wannan ya gagara, a sanar da ni lokacin, a kuma ba ni burushin. Ni na rufe mata ido a asibiti, bai dace a bar wa ɗan kwangila ya rufe mata fuska yana sauraron rediyo ba.

Kafin amsarka ta iso, ina sanar da ofishinka cikin ladabi cewa ranar Asabar ɗin za a same ni a kan bencin, bayana a jikin bangon. Kada a damu da daɗewar da zan yi. Zama ba motsi shi ne sana'ata, kuma jami'ar nan ce ta horar da ni.

Allah ya ƙara maka girma da lafiya. Ka huta lafiya.

Naka mai biyayya,

(sa hannu)
Baba Kar-ka-motsa,
Ɗakin Zane na Biyu.