Layi Huɗu da Babu Komai a Littafin Su Rumaisa

Highbridge, Bronx

Zuwa ga Yaya Sanusi,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali. Allah ya ƙara wa Hajiya sauƙin ƙafar nan, amin. Mu ma lafiya lau, sai sanyi da aiki.

Ka ce ba za ka ba da izinin auren ɗanmu Imran ba sai na binciko asalin yarinyar, wato Rumaisa. Ka san ni, ko gishiri aka ba ni sai na lasa. Tarbiyyar Rumaisa ba abin cewa, a Musulunci aka haife ta, amma danginta baƙaƙen Amurka ne, ba mai unguwar da za ka tambaya. Ranar Lahadi na ja maƙwabciyata Halima Sa'adiya muka je gidan Loretta, kakar Rumaisa, a Parkchester. Tsohuwar ta ɗauko wani tsohon Baibul da suka gada, ta ce a bangonsa aka rubuta tushensu: wata Phebe da ta rayu shekara ɗari biyu da suka wuce, ta haifi 'ya'ya goma sha uku. Na ce a raina, takarda ai ba ta ƙin tawada.

Na sa tabarau na bi su da yatsa. Tara an rubuta aurensu da rasuwarsu. Huɗu kuwa suna kawai da ranar haihuwa, gaba fili fetal. Nan fa na fara zargi, don ruwa ba ya tsami banza. A raina na kawo hauka, na kawo kurkuku, na kawo abin kunyar da ake binnewa. Halima tana taka mini ƙafa, amma na tambaya. Tsohuwar ba ta ɓata rai ba. Ta ce Phebe baiwa ce, waɗannan huɗun ubangidanta ya sayar tun ba su kai shekara goma ba, har yau ana bar musu wurin ko wani jikansu zai ɓullo. Wallahi na ji kunya. Sai ta tambaye ni namu kakannin, na fara lissafi da alfahari, na zo kan mahaifiyar Kaka Shitu na tsaya cak.

Yaya, na san abin da kake nufi da asali, ba sai ka faɗa ba. To, su sun san sunan kakarsu baiwa, suna faɗinsa gaban baƙo. Mu fa? Me ya sa ake kiran sunan kowace matar gidan nan ban da ita? Me ya sa Gwaggo take sauya zance in an zo kanta? Kai ne babba, ina zargin ka sani. Kafin ka hana Imran, ka rubuto mini sunanta da garin da aka ɗauko ta.

Ka gaida Hajiya, Gwaggo, Fu'ad da amaryarsa.

Ƙanwarka mai jiran amsa,
Zuweira