Na Wasa Ƙaimi a Kan Dokin Kawuna

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi da masu karatu baki ɗaya. Ya iyali, ya haƙuri da wannan tsadar rayuwa? Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin a yanke min hukunci a karanta har ƙarshe, don zagin da na yi wa kaina ma ya isa.

Ni mutumin Gwarzo ne, horon doki ne sana'ata, kuma a hannun kawuna na koya, wani dattijo da ke zaune a Masanawa ta ƙasar Kabo. Yana da wani baƙin doki akawali da ya saba rawa da kalangu a wajen biki. Da an buga sai ya tattaro ƙafafun baya ƙarƙashin cikinsa, ya lanƙwasa wuya, ya riƙa taku ɗai-ɗai. To, tun da aka ƙaddamar da Shari'a kiɗa ya yi wuya, sai asirin dokin ya tonu, ashe ganga yake bi ba mahayi ba. Ka matse shi da cinya ya yi kamar ba da shi kake ba, ka taɓa linzami ya miƙe wuya ya jibga maka nauyinsa a hannu, ƙafafun baya suna jan ƙasa. Kawu ya kawo min shi ya ce, "Ɗan nan, ƙuguna ya ƙi, ba zan iya kokawa da shi ba. Ka koya masa jin ƙafa. Amma a hankali, ka san ban yarda da jini a jikin dabba ba." Na ce, "In sha Allahu, Kawu."

Wata biyu ina fama! Kullum da safe mu fita fili bayan gari, mu yi zagaye, in tsayar, in tayar, in ja da baya, da ya ba ni ko taku ɗaya mai kyau in sassauta masa linzami. Yau ya gane, gobe ya manta. Ga dusa da harawa sun yi tsadar da ba a magana, yana ci yana kallona. Ga 'yan majalisar bakin hanya kullum sai sun tsokane ni, wai, "Malam, ko mu zo mu buga maka gwangwani?" Wa zai jure wannan? Ranar da suka fashe min da dariya na koma gida na ɗauko ƙaimi na wasa shi a dutse, na sa masa linzamin nan mai kaifin harshe wanda Kawu ya hana ni taɓawa tun ina koyo. Kwana biyar kacal doki ya miƙa wuya. Na riƙa shafa wa raunin da ƙaimin ya yi masa a haƙarƙari man kaɗanya, ina saukar da jalalar sirdi ta rufe wurin.

Da Kawu ya zo dubawa na hau ba ƙaimi, doki ya yi rawar da ko da kalangu bai taɓa yi ba. Tsohon nan ya kama hannuna a gaban mutane ya ce, "Alhamdulillahi, ban koyar a banza ba. Kun ga aikin haƙuri ko?" Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ni kaɗai na san ba jin ƙafa yake ba, tsoronta yake. Shekaranjiya diddigena ya goge shi kaɗan ya zabura ya miƙe tsaye a kan ƙafafun baya, ni da ƙarfina da ƙyar na zauna. Kawu kuwa ya haura saba'in, kuma saboda ciwon ƙugun nan ƙafarsa rawa take a cikin likkafa. Ga shi ya ce ranar Juma'a shi zai hau zuwa masallaci a Kabo, cikin cunkoson jama'a, hawansa na farko a shekara biyu. Na ce, "Kawu, a ƙara min wata guda mana." Ya yi dariya ya ce, "Rowar dokina za ka yi min? Har na kai rigata bugu."

In na faɗa masa zai ɗaga jalalar ya gani da idonsa, kuma na san shi, ba zai yi faɗa ba, amma ba zai ƙara miƙa min ragamar ko jaki ba. In kuma na yi shiru ƙugun tsohon nan ya daki ƙasa, da wane ido zan kalli 'ya'yansa? Yau Talata, jama'a. Me zan yi?